Tokar Jirgi

A ɗakin ƙasa na ƙungiyarmu, a Gdynia,
inda bututun ɗumama ɗaki ke tari duk daren Laraba,
ni da Bogumil muka baje takardu a tebur.
Jirgin yaƙi ɗaya ne, mai bututun hayaƙi biyu,
amma maɗaba'a biyu suka buga shi,
kowace da irin tokarta.

Tawa toka ce mai ratsin shuɗi,
kamar teku da asuba kafin masunta su fito.
Tasa ta yi duhu, ta karkata ga kore,
irin ruwan da ya kwana a bokitin ƙarfe.
Ya ce tawa ƙarya ce da ta yi kwalliya.
Na ce tasa ta sha hayaƙin murhu.

Muka ƙirga tagogin gefe da tsinin allura,
talatin da ɗaya a tawa, talatin da uku a tasa.
Igwar baya, in ji shi, ba a ɗora ta ba
sai a shekara ta biyu ta yaƙi,
to me take nema a jirgi mai fentin shekarar farko?
Nan kam ya ɗaure ni da jijiyata.
Na lalubo abin faɗa: jan da ke ƙasan cikin naka
jan-baki ne na 'yan mata,
gishiri bai taɓa lasarsa ba.

Shaidarmu hoto ne guda, baƙi da fari,
gefensa ya cinye.
Shekara shida muna tambayarsa launi,
shi kuwa ko uffan.

Leokadia ce ta shigo da butar shayi,
ita ke riƙe da mabuɗin ginin.
Ta sa tabarau, ta sunkuya, ta daɗe.
Ta ce, babana ya yi wa wannan jirgin fenti.
In gwangwani ya ƙare
sai su zuba fari da baƙi a durom,
da duk abin da ya rage a sito,
su dama da karyayyen filafili.
Gefen hagu bai taɓa zama ɗaya da na dama ba,
kuma kafin wata ya zagayo
tsatsa ta zubo daga ramin anga kamar hawaye.
Launin yana ƙarƙashin farcensa
har ranar da muka rufe shi,
amma kada ku ce in nuna muku a takarda,
ina 'yar shekara tara, hannun nake kallo.

Ta ajiye kofuna, ta hau bene.

Bogumil ya goge bakin wuƙarsa a wando.
Bai dube ni ba ya turo mini shafi na huɗu,
gefen hagu, mai kore.
Na ba shi nawa.

Yau kwana goma ina haɗawa da hantsaki da gam.
A goshin jirgin gefen biyu sun ƙi haɗuwa,
akwai tazara kamar silin gashi
da fitila ke leƙowa ta ciki.
Igwar baya tana cikin kwalin ashana.
Ban ɗora ba, ban yar ba.
Ranar Laraba zan sake tayar da maganar.