Rigar Hanyar Dass

Wandona na farko a Wunti na saye shi,
cikin tarin gwanjo, ƙarƙashin laima,
mai kayan na rantsuwa har da shafa gemu.
Bai yi sati uku ba.
Daidai gangaren Bayara ya buɗe baki ta baya.
Mata masu sayar da gyaɗa suka kau da kai,
'ya'yansu kuwa ba su kau ba.

Na biyu, sarƙa ce ta cinye masa ƙafa.
Na uku ya sha gumi ya ƙi saki,
ya liƙe mini kamar tsohon bashi,
ya goge cinyoyina har suka saɓule,
kwana huɗu ina tafiyar ɗan kaciya.

Asabe ta gaji da zura allura.
Ta ce, "Malam, faci nake yi a kan faci,
zaren ya fi yadin yawa."

Baba Gidado, tsohon ma'aikacin gidan waya,
da muke haɗuwa kowace Asabar bayan asuba
a bakin Yalwa, kowa da gorar ruwansa,
shi ya kama gefen rigata da yatsu biyu,
ya murza, ya saki.
Bai tanka ba sai da muka fara hawa,
numfashi ya yi tsada.
"Tawa ta girmi autana," in ji shi.
"Sau ɗaya na yi kuka wajen biya.
Kai duk wata kana biya kana murmushi.
Lissafa."

Na lissafa a kan sirdi, ƙafa na juya feda.
Kafin duwatsun Dass su leƙo
kunya ta riga gajiya kama ni.

Wata biyar ina zubin adashi.
Na yi gaba da mai tsire,
na koyi wuce mai shayi ina kallon gabas.
Ran da kwasa ta zo kaina
na ƙirga kuɗin sau uku, ko za su haihu.

Shuɗiya ce, mara nauyi kamar ba a sa ba,
aljihu uku a gadon baya:
ɗaya na dabino, ɗaya na sifana da gam,
ɗaya na wayar da ba na so ta yi ƙara.
Wandon da soso a mazauni,
ɗinkinsa a kwance, ba ya cizo.
Ga wani ratsi da ke farkawa da magariba
in fitilar tirela ta taɓa shi,
yana ce wa direba: mutum ne nan, yana da iyali.

Asabe ta tambayi kuɗin.
Na faɗi rabi.
Rabin ma sai da ta ɗora hannu a ka.

Damina shida ke nan.
Shuɗin ya kwanta, ya koma launin hayaƙi.
Akuya ta taɓa gitta mini a kwana,
na ja kafaɗa a kan kwalta kamu uku;
fatata ta yi wata tana warkewa,
rigar ta tashi da tabo ɗaya, zare bai tsinke ba.
Ni ke wanke ta da hannuna, da ruwan randa,
in shanya a inuwar dalbejiya.
Dutsen guga bai san ta ba.

Bara gwiwa ta sauke Baba Gidado daga keke.
Yana zama kan benci a ƙofar gida,
in mun gifta ya ɗaga sanda.
Wata Juma'a ya aiko jikansa da ƙunshin leda,
babu saƙo, babu takarda.

Yanzu ɗana Barau ke gabana a hanyar,
cikin rigar da ta girme shi.
Ta yi masa yawa a kafaɗa,
iska na shiga tana kumbura ta,
har in ga kamar tsohon ne ya sunkuya.
Ina bin su a baya,
su biyu,
ina haki.