Sunaye Goma Sha Huɗu

A bakin titin da ya baro Kumasi,
inda zango ya ƙare, gonakin koko suka soma,
akwai wani ginshiƙin siminti, tsayin mutum da hannu a ɗage.
Mai faci ya jingina masa tayoyi,
Lantana na gasa agada a inuwarsa,
akuya ta san shi wurin susa.
Masu wucewa kuwa ba su cika ɗaga kai ba.

Ni mai rubuta allunan shaguna ne.
Hannuna ne a goshin rabin motocin Asawase.
Duk Nuwamba kwamiti kan kira ni,
a ba ni gwangwanin baƙin fenti da abin sayen sabulu:
"Je ka ta da sunayen nan, ruwa ya cinye."
Ruwan Asante kuwa bai san ranar hutu ba.

Goma sha huɗu ne. Na haddace su kamar gajerun surori.
Yaw Nsiah da Kwabena Dwomo Tonawa ne, an rubuta su daidai,
danginsu kan zo da baƙin zane, su tsiyaya giya a ƙasa.
Sauran, akawun bariki ne ya raɗa musu suna:
Salifu Moshi, Bukari Gurunshi, Alasan Wangara.
Ya tambayi yaren mutum, ya mai da shi ubansa.
Layi na tara: Imoru Hausa, farabiti, Bama.
Sai ka ce Hausa ce ta yi naƙudarsa,
sai ka ce ba a cikin mace guda ya yi wata tara ba.

Wan kakana ne. Ɗan Tanimu mai awon goro,
mai wushirya, mai tsoron kwaɗo.
An ce ran da suka hau jirgin ƙasa zuwa Takoradi
ya bar bashin taro wajen mai ƙosai,
ya ce sai ya dawo.
Har ta tsufa tana tsokanar gidanmu da zancen.
Ba ta karɓa a hannun kowa ba, ba ta kuma yafe ba.

Su biyu suka tafi, ɗaya ya dawo:
kakana Jatau, da kunne guda, da tari,
da lambar tagulla a gwangwanin taba.
Shekara talatin yana gadin kanti a Adum.
In ruwa ya sauka kan kwano da tsakar dare
sai ya shige ƙarƙashin benci
yana kiran Imoru ya sunkuya.
Fansho na nan tafe, in ji ofis, har aka yi masa sutura.
Ginshiƙi bai da gurbinsa.
Laifinsa ɗaya, bai mutu da wuri ba.

Jiya aka busa begila, 'yan makaranta suka yi fareti.
Wani mai taye ya ce sun mutu ne domin 'yanci.
'Yancin wa? Na haɗiye tambayar,
mai ba ka aiki ba a ja masa riga a taro.
Suka aje furen jar takarda,
yayyafi ya taɓa shi, ya tsiyayo kamar tofin mai cin goro.

Da jama'a ta watse na leƙa gwangwanina,
akwai saura kamar cokali biyu.
Na zagaya baya, ɓangaren da ke duban gabas,
na tsuguna, na ja alƙalamin gashi daga dama zuwa hagu,
da ajami, yadda ubansu zai iya karantawa:
Imoru ɗan Tanimu.
Jatau ɗan Tanimu.
Hannun da ba ya rawa a ƙolin tsani, ga shi a ƙasa yana rawa.

Lantana ta leƙo: "Wannan kuma nawa za a biya ka?"
Na ce an daɗe da biya.
Ta miƙo min agada da gyaɗa a takarda.
Na ci a tsaye, na ba hadari baya,
don ya haɗo ta wajen Mampong, baƙi ƙirin,
fentin kuwa bai bushe ba.