Gidan da Bijimai Suka Ja

A tsibirin Chiloé, inda ruwan sama ba ya sallama,
cocinmu na katako ne, yana warin kifi da jiƙaƙƙen ulu.
Wata Lahadi Fasto Eleuterio ya rufe Littafi,
ya cire tabarau, ya ce zai ba mu labari.
Muka gyara zama. Mun san halinsa:
in ya ce labari, wani a cikinmu zai sha kunya.

Ya ce, "Kun tuna shekarar da teku ta ci gaɓa,
har ta zo tana lasar ƙofar wata baiwar Allah?
Aka kira gayya.
Aka ɗaga gidan aka ɗora kan gungume biyu,
aka ɗaura sarƙa, bijimai goma sha shida,
Belarmino a gaba, ya yi ihu har murya ta dushe.
Gida ya yi ƙara, ya motsa, ya kama hanyar tudu
da murhunsa, da kyanwa a kan rufi.

"Mai gidan fa ta ƙi fita.
Na leƙa ta taga, me zan gani?
Ta kafe ƙafa, ta dafa bango da hannu biyu,
tana turawa daga ciki, gumi har haɓa!
Haka ɗan Adam yake, 'yan'uwa.
Alheri na jan sa zuwa tudu,
shi kuwa yana ciki yana nishi,
gobe ya ce da ƙarfinsa ya hau.
Na cikin gida ba ya tura gida.
Ceto ba ladan gumi ba ne."

Aka yi dariya, har da ni
da na riƙe igiyar bijimi na bakwai a ranar.
Ba wanda ya waiwayi benci na uku,
amma kowa ya ji lokacin da ya yi ƙara.

Herminda Oyarzo ta miƙe, ta dogara sanda.
"Fasto, ka leƙa, amma da ido ɗaya.
Na haifi tara, na binne uku.
Ka ɗauka ban san nauyin gida ba?
Ba turawa nake ba.
Daga ciki ba a ganin shanu.
Kwanuka na zuba, daɓe na gudu ƙarƙashin ƙafata,
ihunku ma iska ta kwashe.
Na dafa bango ne don in ji jan a tafin hannuna.
Duk rawar da katako ya yi, na san suna nan,
ba su sake ni a tsakiyar gangare ba.
Gumin kuwa na tsoro ne."

Ta zauna.
Ruwa na dukan rufi.
Fasto ya mai da tabarau, ya buɗe Littafi,
ya yi ta juya shafi bai sami wurinsa ba.
Can ya ce, "Mu yi addu'a."

An ce da ya je wa'azi Quellón bayan shekara
tsohon labarin ya bayar, yadda ya saba,
don shi ne ke kawo dariya.
Ban riƙe shi a zuci ba. Shi ma a cikin gida yake.

Herminda ta daɗe da rasuwa. Gidan na nan a tudu.
Ni kuma tun da likita ya faɗa mini abin da ya gani,
nakan farka tsakar dare,
in lalubi bango a duhu,
in bar hannuna a kai.