Gindin Mudu

Sun sake ni ran Laraba, bayan la'asar,
da takalmi ɗaya nawa, ɗaya na wani.
Wata goma sha huɗu a Ƙofar Doka
a kan takarda guda, rubutun hannu,
wadda na liƙa a bangon ofishin ruwa
ina tambaya: famfon unguwarmu da aka biya sau uku,
wa ya shanye shi tun bai kawo ba?

Na zaci zan tarar gari ya yamutse.
Ina! Mai shayi na nan, ya dai ƙara wa burodi kuɗi.
Kubanni na tafiyarta da ledoji a baki.
Maɗinka a lungu sun duƙufa kan allura
suna zuba wa babbar riga aska takwas,
rigar da ba za ta hau wuyansu ba
ko ran ɗaurin auren 'ya'yansu.

Yanzu nakan zauna rumfar Barau, kasuwar Sabon Gari,
ina kallon masu awo.
Akwai mudun saye, akwai mudun sayarwa,
ɗaya an bubbuga gindinsa waje, ɗaya ciki.
Kowa ya sani. Mai sayen ma ta sani,
ta yi dariya, ta roƙi gyara,
gobe ita ma ta surka kokonta da ruwa.
Da ina cewa azzalumi mutum ɗaya ne,
mai jiniya, mai baƙin gilashi.
Ashe abin tsani ne:
ƙafarka a kan wani, kanka a ƙarƙashin tafin wani,
na can ƙasa kuwa, da ya rasa wanda zai taka,
ya koma gida ya shuri akuya.

Dogara, gandiroban da ya karya min ɗan yatsan nan,
na gan shi a Kwangila, an sallame shi,
shekara biyu yana bin fansho da fayil a hammata.
Ya kau da kai. Na kira sunansa.
Muka raba karan rake ɗaya a inuwar gada.
Can ya ce, "Malam, umarni ne."
Na ce, "Sha rakenka."

Je ka Ƙofar Gayan ka dubi ganuwa,
wadda muke cika baki da ita gaban baƙi.
Ba igwa ce ta cinye ta ba.
Mu ne, kwando-kwando, da dare,
kowa na cewa ɗan na yaɓen katanga ne kawai.

Amma abin da ya fi kulki zafi, a gida na same shi.
Ina tsakar yi wa samari bayanin 'yanci a zaure,
Lantana, 'yata, ta dire buta ta ce,
"Baba, shekara ashirin kana faɗa a bar talaka ya yi magana.
A gidan nan, yaushe ka bar Inna ta ƙarasa tata?"
Na buɗe baki.
Babu bangon da zan liƙa wa amsa.
Daren nan na kife mudun kaina, na shafa gindinsa,
sai ga gurbin guduma.

Kada a kai musu labarin na tuba.
Ban tuba ba.
Famfon har yau iska yake hurawa,
masu jiniya har yau ba su biya ba,
kuma na sayi sabon biro.
Sai dai yanzu in na zo rubuta "su"
hannu kan tsaya,
karyayyen yatsan ya yi tsami,
sai na duba ko wurin "mu" ne.

Gobe da asuba akwai layi a burtsatse.
Uwar Lantana ta ce in ɗauki jarka biyu, mu tafi tare.
Akwai wata magana da ta faro
tun shekarar da muka tare a gidan nan.
Hanyar da ɗan nisa.
Zan yi shiru har ta kai aya.