Dako

Ajin dare a Fagge, an ɗauke wuta.
Malama Barira ta haska allo da wayarta,
ta rubuta kalmomi biyu na Turanci.
Wait, ta ce. Ta ƙara cewa, weight.
Na ce, Malama, ai maimaitawa kika yi.
Ta ce kunne ne ya ji guda,
ido ya san biyu ne.
Ta farko harafi huɗu, jira ke nan.
Ta biyu shida, ita ce nauyi,
har da haruffan da baki ba ya taɓawa,
sun kwanta a ciki shiru
kamar tsakuwa a buhun wake.

Ɗanliti ya ce Bature ya rasa aikin yi.
Aji ya kwashe da dariya.
Ni ban yi ba.

Shekarata sha tara a Kantin Kwari.
Dilar atamfa ta san wuyana,
shadda ta san inda bayana yake ƙara.
Nauyi kam mutumin kirki ne,
ba ya ɓoye fuskarsa:
sikeli ya faɗi kilonsa,
ka naɗa gammo, ka ce bismilla,
daga bene na uku zuwa bakin mota,
ka dire, ka miƙe, ka sha ruwan leda.

Jira fa?
Wa ya taɓa naɗa wa jira gammo?
Alhaji ya ce dawo bayan la'asar,
la'asar ta ce tambayi magariba.
Ranar da na kai Inna asibitin Murtala,
kati a hannu, mu ne na saba'in da huɗu,
ban ɗauki ko tsinke ba,
amma da dare matata ta gasa min kafaɗa.

Na ce, Malama, 'yan uwa ne?
Ta ce a'a, ba uwa ba uba,
murya ce kawai ta zo ɗaya,
kamar maƙwabta masu tari iri guda.

Na ce to su a can suka rabu,
mu nan ɗaki ɗaya suke kwana.
Me ake ce da ni a kasuwa?
Ɗan dako.
In zauna dakon kaya tun hantsi,
in yi dakonsu a ka,
in koma dakon kuɗina.
Bahaushe bai ɓata harafi goma ba,
huɗu ya sa, ya ɗaure su da igiya ɗaya.

Malama ta ajiye alli,
ta daɗe tana kallon allon.
Can yara a waje suka yi ihu, an kawo wuta,
fanka ta soma juyi da kyar.

Na buɗe littafina mai murfin buhun siminti,
na kwafi ta farko, na kwafi ta biyu,
na manta harafi ɗaya a cikin nauyi.
Ta ce in gyara.
Na ce bari, Malama,
yau dai a rage min kaya.