Kama da Wane

Ƙarfe uku na rana a Tampere, duhu ya riga ya shigo gari.
Aulikki ta ture kofin gahawa gefe,
ta kifa amfilifayar Reino a kan tebur,
cikinta a sama, wayoyi a waje.

Taransifomar da ke kai sauti ga lasifika ta ƙone.
Hanci ne ya fara faɗa, kafin mita ta ce uffan:
ƙaurin fenti, jan ƙarfe ya narke can cikin naɗi.
Sabuwa na Tallinn, a hannun wani Endel,
wai mako bakwai, in sanyi ya bar masa yatsu.

"Bawul ba ya zama hannu rabbana," in ji ta.
"Ka ba shi wuta babu kayan ɗauka,
a kansa zai huce."

Rashin uwa akan yi uwar ɗaki.
Sai muka zauna ƙera ƙarya:
resista biyu masu jikin siminti,
kowacce om dubu biyu,
jar waya a tsakani ɗauke da bol ɗari huɗu,
da wani naɗi da ta zaro daga gawar rediyo
don ƙaryar ta yi nauyi.
"Hannu ɗaya a aljihu," ta ce. Ta sake cewa.

Na murɗa.
Kwalaben nan biyu suka yi ja sannu sannu,
koren zare ya miƙe a allo, yana hawa yana sauka,
sumul, ko gargada babu.
Na ce ta warke.

Ta sauke murya zuwa can ƙasa,
inda ƙirji ke ji kafin kunne.
Zaren bai ko gezau ba.
"Ka gani? Ladabinta ya yi yawa.
Ƙarfen gaske yakan ƙoshi, ya yi gurnani, ya murguɗa baki.
Wannan ta shaida bawul na da rai, shi ke nan.
Kama da wane ba ta wane."

Reino ya shigo da ƙanƙara a kafaɗa.
Babu abin saurare a ɗakin, sai hucin resista.
Ya ɗora tafi sama da kwalaben, ya daɗe.
Ya ce wansa Tauno ne ya naɗa tsohuwar a kicin,
yana ƙirga zagaye da ƙarfi, ya hana kowa tari.

Bai tambayi yaushe ba.
Ƙonanniyar ya roƙa.
Kilo uku, ya cusa ta cikin kwat,
ya fita kafaɗa ɗaya a karkace.