Bebiya

A Valparaíso, can saman tudu,
inda gidaje ke taka kafaɗar juna don su leƙi teku,
na sayar da tsohuwar kwamfutata ran Talata,
na hau da sabuwa a kwali, ina haki, ina murna.

Siririya ce kamar faranti.
Ba ta tari, ba ta zazzaɓi, ba ta gunaguni.
Fermín, ɗan ƙanwata, ya shafa bayanta ya ce:
"Inna Ximena, ƙwaƙwalwar wannan sabon zubi ce,
kafin ki ƙifta ido ta ƙirga yashin teku."
Na ce madalla. To, ina manhajar kiɗa?
Ya sosa ƙeya.

Muka nema har dare ya raba.
Ga ta lissafin haraji, ta fi goma,
ga ta goge tamoji a hoto,
ga wadda za ta tuna maka ka sha ruwa.
Amma wadda za ta aura wa goge sarewa,
ta goya murya a bayan ganga,
babu, ko ta magani.

Sai guda, wadda wani ɗalibi a ƙasar ƙanƙara
ya gina lokacin hutu, ya koma aji ya manta.
Kayan kiɗa huɗu take ɗauka.
Na ƙara na biyar, ta suma,
ta farfaɗo ba ta san ni ba,
ta haɗiye aikin wuni guda ko gyatsa babu.

Na rubuta wa kamfanin da na shekara sha biyu ina biya.
Suka amsa da ladabi mai sanyi:
sai masu sabuwar na'ura sun yi yawa.
Makaɗa kuma sun ce ba sa saye sai manhaja ta iso.
Sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa,
kowa na cewa ɗan'uwansa fara shiga.
Ni ce mai azarɓaɓi, na riga kowa,
na tarar da ɗaki fes, ko tabarma babu.
Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Saura kwana goma sha tara
gidan wasan 'yartsana ya buɗe labule,
kiɗan yana kaina, yana zarya kamar ƙuda a kwalba.

Na gaji da jiran gawon shanu.
Na shiga tsohon keken ƙarfe mai gangara tudu,
na bi ƙarni har kasuwar kifi.
Baldomero Quilodrán, shi ya saye ta,
ya ɗora ta kan akwatin ƙanƙara
tana riƙe masa sunayen masu cin bashi.
Ɓawon kifi ya manne a harafin M.
Na ce ka mayar mini. Ya ce ciniki ya faɗa,
amma daga tara na dare zuwa asuba
lissafi ma barci yake yi.
Ya miƙo makulli. Lada ɗaya ya nema:
shi zai fara ji kafin kowa.

Yanzu kullum dare ina can,
tsakanin sikeli da wuƙaƙe,
tana tari, tana ɗumi, tana jan ƙafa,
amma in na ce sarewa, sarewa take kawowa.
Da tsohuwar zuma ake magani.
Jiya ƙugin wani jirgi ya faɗo cikin nadin,
na saurara sau uku, na bar shi.
Baldomero ya ji, hannunsa cikin ƙanƙara,
ya ce wurin nan ya yi tsawo, rage.
Haushi ya kama ni. Gaskiya ya faɗa.

Sabuwar tana gida tana sheƙi.
Tana gaya mini lokaci daidai.
Fermín ya ce baɗi, ko baɗin baɗaɗa.
Ko kyanwata ba ta kwanciya a kanta,
ta shinshina sau ɗaya ta wuce:
ba ɗumi.